Waƙi'ar Jar A-Kori-Kura a Fadamar Barmo

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin gwarzo ɗan gwarzo, Alhaji Nomau ɗan Jatau ɗan Barmo, Sarkin Noman Tudun Barmo, dodon ciyawa, ma'abocin fadamar tumatir, wanda kakansa ya taɓa fatattakar rundunar birai daga gonar masara da tari kawai.

Yayin da tumatirin rani ya nuna, kwanduna suka cika a bakin rafi suna jiran kasuwa, alhali rana ba ta taɓa yi wa tumatir alƙawarin haƙuri ba, ga shanun da ke jan amalanke sai tafiyar hawainiya, sai sadaukin ya miƙe a ƙofar masallaci ya yi rantsuwa mai girgiza zukata cewa kofaton shanu ba zai ƙara taka gonarsa ba. Nan take ya sallama wa maƙwabcinsa Mati shanun huɗarsa biyu, Goje da Ɗan Fari, ya ɗaura ɗamara, ya yi azama zuwa birni neman a-kori-kura, wadda za ta kwashi kaya ta kuma ja amalanke.

Ya auka filin dillalan mota da ilimin da ya gada na zaɓen bijimi a kasuwar shanu. Ya zagaya kowace mota, ya mari kwiɓinta, ya shuri tayarta, ya sa aka ɗaga murfin inji don ya duba haƙora. Bai san abin da yake kallo ba, amma ya gyaɗa kai irin na manyan masana. Can idonsa ya faɗa kan wata ja, mai faɗin ƙirji, mai hon kamar rurin bijimi, zuciyarsa ta narke.

Dillalin ya ce, "Alhaji, in fadama za ka shiga, ɗauki waccan farar. Ƙafafunta huɗu duk suna ja. Jar nan kuwa, na bayanta kaɗai ke aiki."

"Waccan ramammiyar? Kai, tun ba a haife ka ba nake zaɓen bijimi! Dubi ƙirji! Dubi launi! Miƙo makulli!"

Ya shiga Tudun Barmo shigar mai nasara, hon na tashi, kaji na neman mafaka, ya zarce fadama. Aka jibga kwanduna, aka ɗaura amalanke a baya, jarumin ya ɗaga hannu ya yi kururuwa: "Ku ba da hanya!"

Laka ba ta ba da hanya ba. Tayoyin baya suka yi ta juyi suna haƙa wa kansu kabari, na gaba kuwa suka tsaya suna kallo kamar 'yan gayyar biki.

"Ku tura, ya ku mazajen Barmo!"

Mazaje suka tura har suka koma launin fadama. Rana ta take, tumatir ya fara zubar da hawaye ta ƙasan kwanduna. Tsoro ya kama Alhaji Nomau, ya dubi noman shekararsa, ya dubi rantsuwarsa, ya aika a kira Mati cikin muryar da ba ta kai ta sauro ba.

Goje da Ɗan Fari suka tako gonar da aka haramta musu, suna tuƙa abin bakinsu. Suka fizge jar mota da kayanta, suka ja ta har ƙofar gida, mayaƙin na zaune riƙe da sitiyari yana amsa gaisuwar jama'a. Kasuwa kuwa ta riga ta watse.

Matarsa Hajiya Lanti ta leƙo daga zaure da kwano a hannu. "Sannu da yaƙi, Alhaji. Dusar nan, shanun Mati zan ba ko motar?"

Washegari gwarzon ya tashi da azumin kaffarar rantsuwa, aka yi masa buɗa-baki da miyar tumatirin da bai ga kasuwa ba.