Mai-shara a Gefen Mayafina

Ba zan taɓa mantawa da Sallar da kifin Kawu ya maƙale a mayafina ba. Ko na so in manta, mutanen layinmu a Zongo ba za su bar ni ba.

Kawu Mamadu, ƙanin mahaifiyata, dillalin dabbobi ne, amma rabin zuciyarsa yana wajen wani akwatin gilashi da ke salonsa, wato falonsa. Jajayen kifaye huɗu ne a ciki, suna yawo kamar furen da ya faɗa rafi. Na biyar kuwa, wanda yake kira Mai-shara, ba abin a yaba ba ne. Baƙi-baƙi ne mai ɗigo-ɗigo, cikinsa a shafe, bakinsa a ƙasa. Yini yake yi manne da gilashi ko ɓoye bayan wani guntun itace. (Na taɓa rubuta wa jajayen waƙa. Shi ko baiti ɗaya bai samu ba.)

Da Babbar Sallah ta matso, Kawu ya koma kwana a kara saboda cinikin raguna. Ya ce da ni, "Uwata," don sunan kakata gare ni, "ga amana. Abinci ɗan kaɗan safe da yamma. Kar ki taɓa komai."

To, ranar jajibiri 'yar Zongo ba ta ganin datti ta wuce. Na wanke tsakar gida da javel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, na goge tagogi, sai idona ya faɗa kan gansakuka kore shar a jikin gilashin. Baƙi su zo su ga wannan? Na juye kifayen da tsohon ruwansu a baho, na dirje akwatin da soso da sabulu har yana ƙyalli, na cika shi da ruwan famfo. Sai tausayinsu ya kama ni saboda zafin Lome, na fasa ledar ruwan sanyi shida daga firiji na ƙara musu. Na mayar da su ina jin kaina kamar uwar marayu.

Da safe, ina cikin sabon leshi, maza suna filin Idi, na leƙa. Jajayen sun taru a sama suna haki. Mai-shara yana kwance a ƙasa, launinsa ya koɗe, ko wutsiya ba ya kaɗawa. Na kashe wa Kawu kifi ranar Sallah!

Na ce bari in fitar da gawar kafin su dawo. Ƙyamar taɓa shi nake, sai na naɗe hannuna da gefen mayafina na ɗauko shi, har ina ce masa, "Ka yafe ni, bawan Allah."

Gawa ta buɗe ƙayoyi. Ƙayoyi biyu a gefe, ɗaya a baya, suka shige leshin suka kafe. Sannan ya yi wani ƙara, ƙurrr, kamar tsohuwar ƙofa. Ban taɓa sanin kifi yana da murya ba. Na kwarma ihu, na yi tsalle, na nufi ƙofa ina karkaɗa mayafi, shi kuma yana lilo a kafaɗata.

Daidai nan ƙofa ta buɗe. Kawu ne, da limamin layinmu, da baƙi uku daga unguwar Amoutivé, duk cikin manyan riguna.

"Ya tashi! Kawu, ya mutu ya tashi!"

Liman ya ja da baya yana salati. Wani baƙo ya ce, "Alhaji, da wannan za ka yi layyar bana?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya dubi gilashin da ke ƙyalli, ya ce, "Ina tsohon ruwan?"

Allah ya taimake ni, ba a zubar da ruwa a gidanmu. Yana nan a baho, na ajiye don yayyafa tsakar gida. Kawu ya tsoma gefen mayafin a ciki, ya sa almakashi ya yanke leshin a hankali, sannan ya kwaso jajayen. A gaban kowa ya karanta mini: koren nan da na kankare shi ne tuwon Mai-shara. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe, maganin da ke cikinsa ya fita. Kashi ɗaya cikin uku ake canzawa. Sabulu guba ne. Sanyi kuwa shi ya sandarar da shi.

"Uwata, kin kwashe masa abinci, kin sa shi a firiji, kuma kika zo yi masa likkafani da ransa."

Nan ne liman ya kasa daurewa, ya fashe da dariya.

Duka biyar ɗin sun rayu. Mako uku ina yanka wa Mai-shara kokwamba, kafin gilashin ya sake yin kore. Har yau matan layinmu in sun gan ni sai su ce, "Ina mamacin, ya tashi lafiya?"

Yanzu in an ce kar in taɓa komai, hannuwana a baya nake riƙe su. Na kuma rubuta masa waƙarsa, baiti takwas. Bai ko ɗago daga gilashi ba.