Kwalayen Hindu

"Lahiya lau, sai dai ganinki da sassahe ba alheri ba ne," in ji Tukur, bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba.

Talatu ce, taubashiyarsa, ta sauko daga keke napep a ƙofar gidansa a Danwarai. Tun da ta bar suyar waina ta shiga ƙungiyar matan Jega masu bi gida-gida har Aliero da Maiyama, suna tara kwali da tsofaffin takardu a kai inda ake jiƙa su a yi kiret ɗin ƙwai. Amma yau 'ya'yan Tukur ne suka turo ta. Tun rasuwar matarsa Hindu ya kulle ɗakinta da tulin kwalayen da ta tara. Gara ta shiga ciki har ta fara kama azara, kuma duk wanda ya tayar da zancen sai tsohon ya tashi ya bar masa wurin. Talatu kaɗai ke iya faɗa masa magana ya zauna.

"Bawana, tashi ka gaida uwarɗakinka."

"Uwarɗakin da ta tsufa tana tonon bola? An ce an gan ki Maiyama kina kokawa da akuya kan kwali."

"Na kuwa kada ta. Kai ko akuyar ba ta kula ka, ɗauka za ta yi kututture ne."

"Baki ba haƙori, sai tsiya."

"Naka da sunka rage, mi suke taunawa in ba hura ba? Miƙo makulli."

Hannun Tukur ya tsaya a kan igiyar.

"Wane makulli?"

"Na ɗakin Hindu. Gara na cin gidanka kana zaune kana gadinta, kamar ita ta haihe ka."

"Gara baƙuwata ce. Ta hi ki ladabi, ba ta surutu."

"In ɗakin ya rubzo maka da damina wa za ya tono ka? Ni dai ban ɓata lallena."

"Kwalayen ba nau ba ne, Talatu." Muryarsa ta yi ƙasa. "Duk ranar kasuwar Jega sai ta dawo da guda bisa kai. In ce mi za ki yi da shi, ta ce za ya yi rana."

"To ga ranar ta zo. Kaji na can na jira."

"Matata ta yi shekaru tana tari, ki kwashe ki kai ma kaji?"

"Da kaji da gara wa ya hi? Ƙwai dai ana ci. Kai da tun muna yara kake satar na innarmu kana laƙa ma muzuru."

Tukur ya ajiye igiyar. Can ya laluba aljihu, ya jefa makullin ƙasa.

"Ɗauka. Dama duƙawa aikin baiwa ne."

Ta buɗe ɗakin. Tukur ya biyo ta har bakin ƙofa, ya tsaya nan, ƙafarsa ta ƙi shiga. Talatu na fitar da kwalaye tana kakkaɓe gara tana zaginsa. Da ta kai lungun gado ta ɗaga darduma, sai ga wani kwali ninki biyu, ya yi baƙi, da lotsawa biyu kusa da juna. A shekarunta na ƙarshe Hindu ta sha ciwon gwiwa, shi take sawa ƙarƙashin darduma in za ta yi salla.

Talatu ta tsaya tana kallon kwalin. Tukur ya juya fuska ga bango.

"Shi ma tahi da shi," ya ce. "Ki gama aikinki."

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce ƙura ce. Sannan ta ɗaga kwalin ta jujjuya shi tana taɓe baki.

"Wanga? So kake a yi min dariya Jega? Ya lotse, ya sha datti, ko kaza mai hankali ba ta yarda a aza ƙwanta nan. Riƙe tsiyarka."

Ta danna masa shi a ƙirji. Ya riƙe da hannu biyu, yatsunsa na bin lotsawar. Wata 'yar dariya ta kubce masa, ta karye a tsakiya.

"Mai tonon bola har da zaɓe. Je ki bayan ɗaki ki ɗebi albasa, kada ki tahi kina hwaɗin ubangidanki marowaci ne."

"Buhu guda?"

"Ƙanana hwa, Talatu. Na san hannunki."