Rasuwar Dogo, Madubin Hangen Taurarin Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ya hana ta zama wuri ɗaya, Tela na bakin kwana yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar madubinsa na hangen taurari, wanda gidan kaf ke kira Dogo. Ya rasu ranar Laraba da hantsi a kan rufin shago, yana tsaye kan ƙafafunsa uku, bayan wata bakwai kacal a hannun mai shi.

Marigayin mai haƙuri ne, kowa ya shaida. Bai yi ƙorafi ba ranar da Tela ya ɗaura masa ƙaramin madubin saiti a baibai, ya kwashe awa guda yana laluben wata, alhali ga watan nan kowa na ganinsa kyauta. Ba shi da yawan magana. In an juya shi ya ce "ƙiii", in an matse masa kusa ya ce "ƙat", shi ke nan. Shi ya nuna wa gidan cewa fuskar wata duk ramuka ce, kuma a cikin taurari Kaza da 'Ya'yanta ta fi yadda ake zato haihuwa. Hoton farko da aka ɗauka ta bakinsa, Tela ya ɗaure kyamara da robar siket, ya ɗauke numfashi, ya danna. Abin da ya fito ɗan farin ɗigo ne a cikin baƙi. Matarsa ta juya shi sama da ƙasa ta ce, "Baban yara, maɓalli ne ya faɗo maka?" Sai a hoto na ɗari da wani abu ta yarda wata ne.

Tela ya so shi irin son da ya iya. Ranar da aka kawo shi, tun ba a gama haɗa shi ba, ya zaro tef ya auna shi, ya ɗinka masa riga ta shuɗin yadi mai kauri saboda raɓa, da zif, har da aljihun ajiye ƙananan gilasai. Ta zauna masa ɗas. Ba a sake cire ta ba.

Ajali ya biyo ta damina. Sati uku gajimare na rufe sama da zarar yamma ta yi, rana kuwa kullum da hantsi tana nan tsirara kamar tana kira. Tela ya ji an ce akwai baƙaƙen tabo a fuskarta, kuma ana ɗaukar su a hoto. Ya tuna yadda kakansa ke turara fasasshen gilashi da hayaƙin kyandir ya kalli husufi. Haka ya yi, ya manna gilashin a inda ake sa ido. Bai tsaya ya yi tunanin cewa kakansa ba shi da Dogo ba, kuma aikin Dogo ke nan a duniya, ya tattaro haske ya zuba shi wuri ɗaya. Kafin a ɗaura kyamara dole a saita da ido, sai ya sunkuya. Ya gan ta kuwa, ja kamar garwashi, har ya ƙirga tabo biyu. Sannan marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe.

"Tas!"

Gilashin ya tsage, farin haske ya shigo idon Tela. Warin ƙonanniyar roba ya tashi daga cikin Dogo, bakinsa ya narke ya karkace.

Da aka zo tuɓe wa mamacin riga, sai ga wata takarda rawaya manne a jikinsa: hoton rana, hoton ido, an ja musu jan layi. Ko wanda bai taɓa zuwa makaranta ba zai gane ta. Wata bakwai tana nan kwance ƙarƙashin ɗinkin Tela.

Tabo na uku yana idonsa na dama, kuma duk inda ya duba yana tsakiya. In ya kalli 'yarsa yana ganin kunnuwa da kitso, babu hanci. Layin ɗinkin da ya tabbata a miƙe yake sai ya gan shi a lanƙwashe. Kwana biyu ya ɓoye, har matarsa ta ga ya zuba shayi a gefen kofi. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Dube ni. A'a, ba ta gefe ba. Dube ni sosai." Ya kasa.

A asibiti likita ta haska idon, ta sake haskawa, ta mayar da fitilarta aljihu. "Babu abin ɗigawa, babu na sha," in ji ta. "Wani yakan washe cikin wata uku zuwa shida. Wani ba ya washewa. Sai mu jira." Da ta ce za a yanka, da ya fi masa sauƙi. Yanzu kowace safiya na hagu yake fara buɗewa, ya kwanta yana ja wa na dama lokaci. Tsoro yake ji, ba ya musu. Ya gano cewa tela da ido yake ci, hannu ɗan aike ne kawai.

Marigayin ya bar ƙafafu uku lafiyayyu, da ƙananan gilasai biyu, da littafin bayaninsa a leda ko ɓare ta ba a yi ba. Ya bar kyamara, wadda ke da sauran shan ruwa domin ido ya riga ta zuwa. Ya bar hotuna ɗari huɗu da goma sha biyu, huɗu masu kyau. Ya kuma bar kayan mutane rataye a shago an yanka ba a haɗa ba, da Inna tsohuwa, mahaifiyar Tela, wadda har yanzu ciwon kai aka gaya mata yana yi.

Za a sa shi a kwalinsa ranar Asabar da safe, a kai shi makwancinsa a saman durowa, fuskarsa na kallon bango. Masu zuwa ta'aziyya su zauna ta hagun mai makoki. Don Allah kada a ɗaga masa yatsu a ce nawa ne, kada a kawo kwalli ko ruwan wani ganye, kada kuma a ba shi labarin wanda nasa bai washe ba. Masu kaya a shago su ƙara haƙuri.

Wanda ya iya zura zare a allura kuma, ana roƙonsa ya biyo ta shago da sassafe, kafin maƙwabta su buɗe. Shekara ashirin da biyu Tela na yi ba tare da ya duba ba. Jiya ya duba, ya gwada sau goma sha ɗaya.