Ranar da Akawu Ya Hau Ƙahon Takarkari

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a kasuwar Maigatari ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙasar Gumel ba za su bar ni ba. Kowa yana ba da labarin da nasa gishirin, shi ya sa na ga gara in ba da shi da bakina. In dariyar za a yi mini, a yi ta daidai.

A shekarun nan ne na gab da mulkin kai, lokacin da siyasa ta fara zafi. Na gama makarantar Midil, na sami aikin akawu a En'e, ina yawo da alƙalami biyu a aljihun gaba (ɗayan ba ya ma rubutu, ado ne kawai). Maigidana a ofis, Malam Sabo, dattijo ne mai sanyin magana. Shi ya ɗora ni a kan harkar makaɗa da maroƙa, domin ƙorafi ya yi yawa: wannan an yi masa zambo, wancan an tare shi da roƙo a gaban surukansa. Ni kuwa na ɗauki abin kamar an naɗa ni sarkin makaɗan duniya. Na zauna na tsara doka da hannuna, cewa duk mai kiɗa a kasuwa sai ya karɓi takardar izini daga teburina.

Malam Sabo ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Yaro, ka dai bi a hankali. Ganga ta girmi takarda."

Na ce to. A zuciyata na ce tsufa ne ke damunsa.

Ana nan sai wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa mai sayar da garmaho a Kano, ya aiko cewa zai zo da na'urar ɗaukar murya, yana son kiɗan ƙasarmu a faifai. Ni aka ce in zaɓa masa makaɗa. Na zaɓi mai gurmi da mai kukuma, mutane masu ladabi, waɗanda in na shigo suke miƙewa. Mutum ɗaya na tsallake da gangan, wato Baba Tanko, mai kalangun mahautan Maigatari. Takardar izinin ma na hana shi. A gaban sunansa na rubuta, "Wannan ba kiɗa ba ne, hayaniya ce."

A nan dole in faɗi gaskiya. Kakana na wajen uba, Nomau, mahauci ne a Sule Tankarkar, kuma a zamaninsa babu wanda ya kai shi hawan ƙaho. Mahaifina ya bar fawa ya kama noma, ni kuma tun a makaranta nake gaya wa abokai cewa gidanmu gidan malamai ne. (Akwai allo guda ɗaya rataye a zaure, wannan kam ban yi ƙarya ba.) Ba hayaniya nake ƙi ba. Kalangun nake tsoro, don na san abin da yake yi wa 'yan gidanmu.

Ran Laraba muka tarbo Kwara daga jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha, ran Alhamis da hantsi muna Maigatari, ni da shi da Malam Sabo. Na ci farar riga mai sitaci. Na jera makaɗana a gindin tsamiya, mai gurmi ya fara. Bai yi nisa ba na ga Kwara yana hamma. Sai kalangu ya tashi daga rumfar mahauta, Kwara ya ɗaga kai, har ƙafarsa ta fara motsi.

Raina ya ɓaci. Na ɗauki takardar dokata na nufi rumfar, su biyun suna biye da ni.

Na ce, "Baba, ina takardarka?"

Ya dakata, ya ce, "Ranka ya daɗe, Mushe akawu," (ya yi zaman Damagaram, duk mai alƙalami Mushe ne a wurinsa, wato Malam da Faransanci) "tun ba a haife ka ba nake kiɗa a nan, sa bai taɓa tambayata takarda ba."

Na ce, "Doka ce. Daga yau in ka sake kaɗawa, za a karɓe kalangun."

Mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Kowa ya san da kalangun nan tsohon yake ciyar da gidansa, ni ma na sani. Ya daɗe yana kallon fuskata, sa'an nan ya ce, "Wannan goshin na san shi. Ɗan wane gida ne kai a Sule Tankarkar?"

Na ce, "Gidan malamai."

Ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara sani. To bari in yi wa malamai sallama, sai in ajiye."

Ya matse kalangu a hammata, ya saki taken Nomau.

Rabona da jin taken nan tun ina ƙarami a kafaɗar kakana. Na so in juya, ƙafa ta ƙi. Tsigar jikina ta tashi, takardar doka ta faɗi ban san ta faɗi ba. Sai na ji wata murya tana kirari, ashe tawa ce: "Sai ni na Nomau, jikan mai hutawa tsakanin ƙaho biyu! Wuƙa ta san gidanmu, sa ya san gidanmu!" Na yi jifa da hula. Na waiga ina neman sa, idona ya rufe, na hango ƙahoni a bakin hanya, na sheƙa da gudu na daka tsalle na rungume su.

Ai ba san hawa ba ne. Tsohon takarkari ne na wani Buzu, ɗauke da kanwa daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransa take mulka, ya gaji da tafiya yana tuƙa. Ko tuƙar bai fasa ba. Na yi ta lilo a goshinsa ina jiran ya yi faɗa, shi kuwa ya girgiza kai sau ɗaya kamar mai korar ƙuda, sai ga ni zaune daɓas a cikin ɗanyen kashin shanu.

Buzun ya sunkuyo, ya ce mini cikin natsuwa, "Malam, in ciniki ne, kanwar ce ta sayarwa, ba san ba."

Dariyar da aka yi, ina jin har a tsallaken iyaka an ji ta. Malam Sabo ya tsinto hulata, ya kaɗe ta, ya miƙo mini, ya ce a hankali, "Gidan malamai, ko?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da na ga ba za ta tsage ba, sai na miƙe, riga tana ɗiga, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ranka ya daɗe, ni jikan Nomau mahauci ne. In ana so a rubuta a fayil ɗina, a rubuta."

Kwara ya ce shi wannan kiɗan yake so, ba wani ba. Baba Tanko ya ce, "Sai Mushe ya ba ni takarda tukuna, kada in karya doka." A kan gwiwata na rubuta masa. Na kuma tsaya, da warina da komai, na ce ba za a kunna na'ura ba sai an karanta wa tsohon yarjejeniyar ɗaukar kiɗansa da Hausa, kuma sai sunansa ya fito a jikin faifan. Kwara ya yi gardama, na ce to ya koma wurin mai gurmi. Ya yarda.

Washegari ina shiga ofis akawuna suka fara kukan shanu. Wani babba ya ba ni shawara in nemi canjin wurin aiki, wai na zubar da mutuncin alƙalami. Na ce ba inda za ni. Na kai wa Malam Sabo dokata na ce a sake ta, a kira makaɗan su zauna da mu kafin a rubuta ko harafi ɗaya. Da su aka tsara sabuwa, kuma ita ce ta yi aiki.

Daga nan na shafe rayuwar aikina tsakanin makaɗa da kamfanoni da hukuma, har na zama shugaban sashen. Sunan da aka laƙa mini, Akawu Mai Takarkari, ya bi ni har manyan tarurruka a Kaduna, kuma ban taɓa ƙin amsawa ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka kafa wa mutane doka, ka fara gwada ta a jikinka ka ga ko za ta riƙe ka. In kuma jini ya motsa babu makawa, to don Allah ka tsaya ka duba san da kyau tukuna.