Ranar da Nama Ya Koma Gida

A layinmu har yanzu ba mu bar ciyayya ba. Da an sallame Magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa, mu shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon layin, Baba Ƙaura, a jera kwanuka a tsakiya, a riƙa buɗewa ana ci tare. Ba mai cewa uffan, amma kowa yana lura da kwanon da hannu ya fi yi wa yawa da wanda ya koma gida da saura. To a wannan fage Malam Barau mai gyaran keke ba ya yarda a sha gabansa. Shi dai a buɗe kwanonsa a ga nama, a ce, "Kai, Malam Barau, yau ma?" Shi kuma ya shafa gemu ya ce, "Ɗan abin da ya samu ne." Wallahi wannan yabon ya fi masa abincin daɗi.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya, ashe mutumin inuwar giginya ne, na nesa ka sha. In ya je wurin mahauci ƙulli biyu yake sa a yi masa. Na farko tsoka ce zalla, 'yar kaɗan, ta kwanon waje. Na biyu kuwa abin da mahauci ke turewa gefen tebur ne, jijiya da tantaƙwashi da naman ƙwauri, irin wanda ake karyar da kuɗinsa in kasuwa ta fara watsewa. Wannan shi ne rabon matarsa Marka da 'ya'yanta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, don haka a bakin matata na ji sauran. Marka ta yi ƙorafi har ta gaji, da ta ga ba a sauya wa tuwo suna sai ta koma ta sasanta da tukunyarta. Tun da hantsi take ɗora jijiyar nan a kan gawayi, wuta ƙasa-ƙasa, da albasa da citta da tafarnuwa, ta rufe ta tafi harkarta. In la'asar ta yi ta soya markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu har mai ya taso sama, ta juye naman da romonsa a ciki, ta sake barinsu su fahimci juna. Kafin rana ta faɗi jijiya ta saki jiki, miya ta yi kauri tana kama cokali. Tsokar maigida kuwa tafasa ɗaya ce, a soya, a ɗora masa a kan shinkafa ya fita da abarsa.

Da haka aka zauna lafiya, sai ranar da ruwan sama ya tsuge daidai Magariba, ciyayya ta watse tun ba a fara ba. Malam Barau ya shiga gida dole, ya zauna a rumfa da kwanonsa, yara na gefe sun kewaye tire. Ya ga ba mai magana a cikinsu, sai tanɗar baki da suɗe yatsu. Yaran da ko a makarantar allo ba sa yin shiru! Ya miƙa hannu ya ɗauki yanka ɗaya a tirensu, wai zai ji ko gishiri ya ji. Nama ya narke masa a baki tun kafin haƙori ya kai gare shi. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Autar gidan ta fara jan tire tana matsawa bayan uwarta.

"Marka," ya ce, "wannan naman daga ina?"

"Wanda ka kawo ne, Malam."

"Ni? Wannan?"

"Jijiyarmu ce ta kullum."

Ya dubi tsokarsa da ta bushe a kan shinkafa, ya dubi tiren yara, ya yi ta girgiza kai kamar wanda aka ci amanarsa. "Wato shekara da shekaru ana cin wannan a gidana, ni ina waje ina tauna igiya, ba wanda ya ji tsoron Allah ya gaya mini?"

Marka ta ce, "Ai ba ka taɓa zama ba, Malam."

Wani da ya ji wannan sai kunya ta kama shi. Malam Barau dabara ce ta kama shi. Washegari ya dawo daga kasuwa da ƙulli ɗaya tak, jijiya ce tsiɓi guda, ya ajiye a gaban Marka ya ce daga yau an daina sayen tsoka. A dafa wannan irin dahuwar jiya, a zuba masa duka a kwanon waje.

"Duka? Yaran fa?"

"Ba ga miya ba? Ai amfanin nama duk a romo yake. Wanda ya sha romo ya ci nama."

Marka ta dube shi, ta dubi yaran da suka yi cirko-cirko, ta ce, "To." Matata ta ce da ta ji wannan "to" ɗin ta bayan katanga sai ta san akwai magana a ƙasa.

Mu kuwa tun da Azahar Malam Barau ya hana mu sakat. Duk wanda ya wuce ta rumfarsa ta gyaran keke sai ya tsayar da shi ya ce yau kada ya cika ciki da kwanon kowa. Har Tanko direba, wanda suke ƙaramar gasa a tsakaninsu, sai da ya aika masa cewa ya zo da wuri zai ga yadda ake miya. Magariba na yi ya fito da wani ƙaton kwano yana tafiya a hankali, ya ajiye a tsakiyar tabarma, ya buɗe da kansa. Jama'a, ƙamshi! Miya ja wur, mai na ƙyalli, nama ya yi tudu har ba a ganin shinkafa. Muka ce, "Kai, Malam Barau!" Ya shafa gemu.

Baba Ƙaura ne babba, shi ya fara sa hannu. Ya ɗauki yanka ya kai baki ya ja, nama ya miƙe ya bi shi. Ya ƙara ja, nama ya ƙara tsawo. Ya sa hannu biyu, ya juya kai hagu, ya juya dama, hularsa ta faɗi. Da ya sassauta sai naman ya koma ya ba shi fat a leɓe, miya ta fantsama a farar rigarsa. Tsoho ya ajiye abin a gefen tabarma a hankali ya ce, "Barau, wannan sa ya mutu kuwa?"

Ni ma ƙarfin hali ya sa na gwada, har yau in gari ya yi sanyi muƙamuƙina na tuna mini. Tanko ya latsa nasa da yatsa, ya tambaya ko a cikin tayoyin shago aka yanko. Daga nan ba wanda ya sake kusantar naman. Sai dai fa miyar ba ta da laifi ko kaɗan, don haka muka riƙa ture shi gefe muna kwasar shinkafa da miya har muka ga ƙasan kwano. Tun da aka kafa layin nan ba a taɓa ganin kwanon da aka cinye shinkafarsa nama ya koma gida ba sai ranar.

Malam Barau ya ɗauki kwanonsa ko sallama babu. Ni kuma na tuna ina da uzuri a gida, na je na tsaya a gindin katanga, inda bulo ɗaya ya fita. Ga Marka zaune gaban murhu, gawayi ja wur, tukunyar miya na ɓararraka a hankali, yara sun kewaye tiren shinkafarsu ba wanda ya taɓa. Ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta ce masa sannu da zuwa, ta juye naman kaf a tukunya ta rufe, ta ce wa yara su ƙara haƙuri kaɗan.

Malam Barau ya tsaya yana huci. "Au! Wato jira ma kuke yi ya dawo? Da gangan kika ƙi dafa shi, Marka? Kin tozarta ni a gaban mutane, ko yanka ɗaya ba wanda ya iya ci!"

Marka ta gyara gawayi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Haba Malam, kai da kake fita da nama don a gani. Sun gani ko ba su gani ba?"