Rasuwar Dada, Tukunyar Iskar Hammanjoda Mai Faci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da baƙin mai bai gama fita daga cikinsu ba, Malam Hammanjoda mai faci na Sabon Layi, Mubi, yana sanar da direbobi da 'yan keke napep da duk wanda ya taɓa gangaro da taya rumfarsa, rasuwar tukunyar injin iskarsa, wadda unguwa ta sani da Dada. Ta cika ranar Talata da hantsi a gaban mai ita, bayan doguwar jinya da aka daɗe ana ɓoyewa.

Marigayiya ta iso Mubi a 1993, a bayan wata motar shanu da ta dawo daga kudu, jajir da ita. Mai haƙuri ce, mai juriya. Ta sha wa motar liman iska, ta sha wa ta fasto, ba ta taɓa tambayar taya daga ina take ba. Da sassafe za ka ji ta, tuf-tuf-tuf-tuf, in ta ƙoshi kuma ta sauke numfashi, fushhh. Mairamu, uwargidan Malam, ta ce da wannan fushhh ɗin take sanin yau za a ɗora girki.

Ciwon ya samo asali ne daga ƙauna, abin da ya fi ci wa Malam rai ke nan. A 2014, da labari ya zo cewa mahara sun shiga Michika, wasu suka kulle shaguna suka bar wa Allah. Shi kuwa gwanin dabara sai ya kwance kan injin daga jikinta ya ɓoye, ya haƙa rami a bayan gidan ƙanensa a Mayo Bani, ya binne tukunyar. Masu wawaso ba su gan ta ba, wannan gaskiya ne. Da ya dawo daga gudun hijira ya tono ta, ya wanke, ya shafa fenti, har yana yi wa abokan sana'arsa dariya. Ashe ƙasar bakin mayo, wato kogi, ba ta bushewa. Ga shi a cikin gaggawa ya manta bai buɗe famfon ƙasa ya tsiyaye ruwan da ke cikinta ba. Tsatsa ta ci daga waje, ta ci daga ciki, fenti ya rufa mata asiri.

Bara ta fara wani sabon sauti, ssss, siriri, daga ƙasan ciki. Sali mai walda ya liƙa mata faci. Ta sake hujewa a gefen facin, ya sake liƙawa. Malam ya riƙa ƙara muryar rediyo don kada kwastoma su ji.

Wanda rediyo bai ruɗa ba shi ne Ya'akubu, dattijon da ya yi aikin duba tukwanen tururi a masana'antu har ya yi ritaya, ya zo gwada iskar tayarsa kawai. Ya sa aka kashe injin, aka saki iskar duka. Ya bi jikinta da ƙaramar guduma. A sama ta amsa ƙwal-ƙwal, lafiya lau. A ƙasa ta ce dif. Washegari ya dawo da famfon hannu, suka cika ta da ruwa taf, ya ce da ruwa ake gwaji domin ruwa yoyo yake yi, iska kuwa fashewa. Allurar geji ba ta ma kai inda take aiki kullum ba, sai ga Dada tana hawaye ta gefen kowane faci, har da wuraren da ba a taɓa zargi ba.

Kai, Malam ya yi roƙo! Ya ce a bar ta a rabin ƙarfi, babur da keke kawai, ya yafe tirela. Ya ce Sali zai naɗe mata ƙarfe. Ya'akubu ya ce walda nama take nema ta kama, nan kuma babu nama, saura ɓawo. Sai ya nuna masa bencin Dorathy mai abinci, wadda ke wuni da bayanta jingine kusa da tukunyar. Ya kuma tuna masa cewa a Mubin yanzu ko taya ce ta fashe mutane tattake juna suke yi wajen gudu, balle wannan. Malam ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga a ƙasa, sannan ya cire bel ɗin injin da hannunsa.

Ta rasu ta bar kan inji mai sauran ƙarfi amma babu inda zai zuba numfashinsa, da tiyo, da geji, da Mairamu, da Malam Hammanjoda, wanda ya haura sittin, kafaɗarsa ba ta iya famfon hannu, sabuwar tukunya kuwa ko a mafarki. Yana jin tsoro, ya ce a rubuta haka, kada a ɓoye.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar a bakin rumfa. 'Yan gwangwan sun zo sun nemi gawar a ɗungum, an hana su, domin Malam ya san fenti za su shafa mata su sayar wa wani mai facin. Saboda haka Sali zai raba ta biyu a gaban shaidu. Rabin sama za a kai Sorau shanu su sha ruwa a ciki, rabin ƙasa ko wannan ba zai iya ba.

Za a karɓi gaisuwa a kan benci har magariba. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su duba tayoyinsu tun daga gida. Wanda tasa ta sace a hanya ya yi haƙuri ya wuce gaba, babu iska a nan.