Laccar Malam Yamusa a Ɗakin Sanyi

Jiya na ɓata wuni guda, na kuma sha matsi a motar Kubwa, duk saboda maƙwabcina Malam Yamusa, malamin jami'a. Shekara uku yana bincike a kan yadda wani kamfanin haƙar ma'adinai na ƙasar waje ya mai da rafin wani ƙauye kamar kunun kanwa. Ya ce in zo in ji laccarsa, ranar zai fasa ƙwai. Na zura rigar sallata na tafi.

Rufin zauren tsangayarsu ya yaye tun damina biyu da suka wuce, kwamitin gyara kuma yana nan yana ta zama a otal, Allah ya ƙara masa lafiya. Don haka aka kai laccar Cibiyar Harshe da Al'adu, wadda gwamnatin wata ƙasa ta gina wa jami'ar kyauta. Wace ƙasa? Ta masu kamfanin mana.

Jama'a, na ga gini! Sanyi ta ko'ina, janareto ko tari ba ya yi, banɗaki har da ruwa a famfo. Sau biyu na shiga, ba don wata larura ba.

Ana shirin farawa sai ga wani babba a jami'ar, Mai Girma Sarkin Buɗe Taro. Ya ja Yamusa gefe, ni kuwa kunnena ba ya zuwa hutu.

"Malam, ka shigo gidan mutum, ka sha lemonsa, ka ci cincin ɗinsa, sannan ka tashi ka zagi ƙasarsa? Tarbiyyar ke nan?"

"Ranka ya daɗe, ba zagi ba ne, bincike ne. Su masu cibiyar suka ce a cire wani abu?"

"Haba Malam! Sai mun jira baƙo ya buɗe baki? Ina kunyarmu?"

Ya karɓi takardar ya zaro jan biro. Babin rafi ya tafi, na matattun kifi ya bi shi, hotuna ma aka ce za su ɓata wa baƙi cin abinci. Abin da ya rage gaisuwar manyan baƙi ce da godiya. Minti shida Yamusa ya yi yana karantawa, gumi na zubo masa a cikin wannan uban sanyi. Wallahi ya ba ni tausayi, amma da aka tafa ni ma na tafa, don cincin ɗin yana bakina.

Ɗalibarsa Lucy, 'yar ƙauyen da ake magana, ta ɗaga hannu.

"Oga, ina maganar ruwa namu?"

Mai Girma ya dubi agogo ya ce lokacin tambaya ya wuce, a shigo da 'yan rawar al'ada.

Daga ƙarshe baƙon da ke shugabantar cibiyar ya miƙe, da Hausarsa tsaf, ya ce su a nan ba sa hana kowa faɗin ra'ayinsa. Ni shaida ne, gaskiya ya faɗa. Me zai sa bawan Allah ya wahalar da kansa, alhali muna da ƙwararru a gida?

A mota, da muka kusa Kubwa, Yamusa ya juyo ya ce min:

"Mako mai zuwa zan karanta ta duka, a zaurenmu marar rufi. Ko ana ruwa."

Na yi alkawarin zuwa da lema. Sai dai na ba shi shawara ya hanzarta, don na ji ƙishin-ƙishin cewa ƙasar nan mai karamci ta tausaya mana, ta ce za ta gyara rufin.